Diwaya da Shukar Bakin Rijiya

A Shujabad na wancan lokacin, idan akuyar mutum ta ci wani ganye ta dawo tana kumfar baki, ko wata shuka ta tsiro a tsakar gida ba a san ko ta ci ba ce ko ta kisa, reshe ake karyowa a nufi rumfar shayin Gaman. Bayan la'asar za a tarar da wani dattijo mai suna Allah Diwaya a ƙarshen benci, da farin rawaninsa da ya sha wanki har ya koma ruwan ƙasa. Diwaya kawai muke ce masa. Mai aikin lambu ne. Bai iya karatu ba, ba shi da gona, ba shi da ɗa namiji. 'Yarsa ɗaya tana aure a hayin kogi. Abin da ya mallaka a duniya shi ne wannan wurin zama a ƙarshen benci, da yadda manyan mutane ke rage murya idan sun miƙa masa reshe. An san cewa idan Diwaya ya faɗi sunan shuka, to sunanta ke nan.

An haife shi a wani ƙauye na bakin kogin Chenab, ƙauyen da ruwa ya cinye tun kafin ya yi wayo. Mahaifinsa yi wa mangwaro aure ce sana'arsa, yana bin gonakin masu ƙasa da 'yar wuƙarsa da zare, kuma a wurinsa Diwaya ya koyi riƙe reshe. Daga baya ya sami aiki a lambun gidan saukar baƙi na ofishin raba ruwan noma, ya yi shekara ashirin da shida a can. Ni kuma a wannan ofishin nake munshi, mai rubuta takardu. Tagata tana kallon lambun. Na daɗe ina ganin bayansa a sunkuye kafin in iya cewa ga kamannin fuskarsa.

Idan ka ba shi reshe ba ya saurin magana. Zai fara tambayarka inda ya tsiro, a inuwa ko a rana, kusa da ruwa ko a tsandauri. Sai ya duba yadda ganyen suka zauna a jikin reshen, ko biyu-biyu suna fuskantar juna ko ɗaya na bin ɗaya. Ya bi bakin ganyen da babban yatsa, ya juya bayansa, ya karya tsinken ya ga ko zai fid da nono. Sannan ya murje shi a tafin hannu ya shinshina, ido a rufe. Wani lokaci ya faɗi suna, da abin da shukar ke yi wa mutum da dabba. Wani lokaci kuma ya mayar maka da reshenka ya ce, "Ban sani ba tukuna. A bar ta ta yi fure."

'Yan rumfar ba sa barinsa ya huta. Wata rana Fida mai keken doki ya ɗaure furen kaner, wannan mai jan fure da ke kashe awaki, a jikin reshen rumman da siririn zare, ya kawo yana riƙe da shi da hannu biyu. Chacha suke ce wa Diwaya, wato baffa.

"Chacha, ga wata sabuwa. Wani alhaji ya zo da ita daga Makka."

Diwaya ya juya reshen sau biyu. "Wannan na san ta. A ƙofar gidan marasa aikin yi take tsirowa. Uwarta rumman, ubanta kaner. Wanda ya ɗaura auren kuwa, ga dokinsa can a rana ko ruwa bai sha ba."

"To wa ya yi shaida?" in ji Nazra wanzami.

"Kai mana. Ai tun safe ban ga kai ɗaya a hannunka ba."

Amma Fidan nan, ranar da cikin dokinsa ya kumbura, da gudu ya zo da ciyawa a hannu, ba alamar wasa a fuskarsa. Ko mai maganin gargajiya na unguwar masu tukwane, mai kwalabe har rufin ɗaki, ta bayan gida yake aiko da saiwa a duba masa.

Shekarar da na ajiye aiki, bayan rasuwar matata da shekara biyu, na sayi gidan wani tsohon likita da ya yi aiki a ƙasashe da yawa. Ya mutu, 'ya'yansa suna Karachi, lambun ya yi shekara bakwai ba mai kula. Awakin maƙwabta ne ke shiga ta inda katanga ta faɗi. Diwaya ma ya riga ya bar ofis a lokacin, sai na kira shi. Ya tsaya a ƙofar lambun ya daɗe yana kallo.

"Munshi Sa'in, kada ku bari a sa adda a nan," ya ce. Sa'in, kamar Sahib, kalmar girmamawa ce a wajenmu. "Mai gidan nan ba mahaukaci ba ne. Duk abin da ya shuka da dalili. A ba ni shekara guda."

Haka aka yi. Ya gyara katanga, ya buɗe hanyar ruwa daga rijiya, ya dinga sassabe da hannu. Wasu ya san su tun ranar farko: rumman, zogale, lemun tsami, wardi da ya koma ƙaya zalla. Wasu kuwa sai da suka yi fure ɗaya bayan ɗaya. Yakan zo ya tsaya a bakin baranda ya yi gyaran murya, in fito, ya kai ni gaban wata da na yi wata shida ina wucewa, ya ce ga sunanta. Akwai wata a bayan ɗakin girki da na so a tuge, ya hana. Da zafi ya shigo ta fid da farin fure, ƙamshi ya cika gidan, ashe motiya ce irin wadda mata ke sawa a gashi.

Ni kuma na sayi wani littafi a Multan, na Turanci, mai zanen ganyaye. Duk sunan da Diwaya ya faɗa sai in nemo shi a ciki, in karanta masa dogon sunansa na masana. Yakan gyaɗa kai ya ce, "Allah ya ƙara ilimi, Sa'in." Ina jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

Guda ɗaya ce ta rage, a bakin rijiya. Awaki sun fi cin ta, har sai da ya datse ta kusan ƙasa don ta sake tohowa. Ta toho da kyau, ta kai ƙirjin mutum, da ƙananan ganye biyu-biyu masu tsini da 'yar ƙaya jefi-jefi, amma ba ta yi fure ba.

A wannan sanyin aka sa ranar ɗana Shafkat da Farhat, 'yar wani gida da suka daɗe a ƙasar. Mahaifinta ya rasu, kawunta Malik Sarfaraz ne ke riƙe da gidan, mutum mai gonakin mangwaro da gashin baki. Mu kuwa baƙi ne. Daga Rohtak, can hayin iyaka, muka ƙetaro shekarar da aka raba ƙasa gida biyu, da abin da kai zai iya ɗauka, kuma ko bayan shekara talatin ba a bar mu mun manta ba. A can gida, lallen da dangin ango ke kai wa amarya daga tsakar gidan ango ake tsinko shi. Mahaifiyarmu tana da nata a bakin rijiya. Tun da muka zo nan, lallen kasuwa muke kaiwa, kuma duk biki sai yayata Apa Shakuran ta yi ajiyar zuciya a kan farantin.

Wata safiya na tsaya a bakin rijiyar sabon gidana ina kallon shukar nan. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Na shiga na ɗauko littafin, na buɗe inda aka zana lalle. Ƙananan ganye, biyu-biyu, masu tsini. Ƙaya a tsohon reshe.

Da aka zauna tsara biki, Malik Sarfaraz ya ce, cikin murmushi, idan ba mu san inda ake sayen lalle mai kyau ba zai aika a kawo mana. Sai na ji bakina ya ce, "Malik Sahib, mu ba ma sayen lallen amarya. Daga tsakar gidanmu zai fito."

Ya ɗaga gira. Mutum goma sha biyu ne a ɗakin.

Kashegari na kira Diwaya bakin rijiya na gaya masa. Ya tsinki ganye ɗaya, duk da na san ya tsinka sau ɗari kafin ranar. Ya bi bakinsa da yatsa.

"Sa'in, ku taɓa nan. Wajen tsinin."

Na taɓa.

"Akwai haƙora. Ƙanana ne, amma akwai. Bakin ganyen lalle sumul yake."

"Awaki ne suka ɓata shi."

"Wannan sabon toho ne, akuya ba ta gan shi ba." Ya murje ya miƙo mini tafinsa. "Kuma ƙamshin bai kai ba. Ɗanyen ciyawa kawai nake ji."

"To mece ce, idan ba lalle ba?"

"Ban sani ba tukuna. Ban taɓa ganin irinta ba. Da zafi ya shigo..."

"Da zafi ya shigo an gama biki." Na buɗe masa littafin a gaban idonsa. "Ga ta nan. Waɗanda suka rubuta wannan sun fi ni da kai."

Ya kalli zanen da ladabi, kamar yadda ake kallon hoton ɗan wani. "Sun iya zane, Sa'in," ya ce.

Bayan kwana biyu ya yi gyaran murya a bakin baranda. Da na fito sai ya miƙo hannunsa na hagu. Ya daka ganyen, ya ƙunsa a babban yatsa da tsumma, ya kwana da shi. Farcen yana nan yadda Allah ya halicce shi, sai ɗan kore-kore a gefe.

Akwai amsoshi da yawa da mutum zai iya bayarwa a irin wannan wuri. Wadda na bayar ita ce, hannun da ya yi shekara hamsin a cikin taki ba a gwada lalle da shi. Na ce fatar 'yar mutane daban take. Na ƙara da cewa ɗanyen ganye ba ya kamawa kamar busasshe.

Diwaya ya kalli hannun nasa, gaba da baya, ya mayar da shi ƙarƙashin mayafi.

"A gwada a hannun Apa-ji," ya ce a hankali.

Ba zai yiwu ba, kuma na ji daɗin cewa ba zai yiwu ba. A gidanmu lallen amarya ba ya taɓa fatar wata mace kafin tafin amarya. Da itace ake kwaɓa shi saboda haka. Na gaya masa wannan, na ce ya tsinko.

Ya tsinko. Kwando biyu. Ya shanya a inuwar baranda yana juyawa safe da yamma, kamar yadda zai yi wa lallen gaske. Mata suka daka, suka tankaɗe da ƙyalle. Ranar kwaɓi Apa Shakuran ta sunkuya a kan kwanon ta ja numfashi.

"Rafi ƙanena, wannan ba ya ƙamshin na mahaifiyarmu."

"Ƙasar ce daban, Apa. Ruwan nan da gishiri."

"Ko dai hancina ne," ta ce. Ta tsufa, kuma mura ba ta rabuwa da ita. Ta zuba ruwan shayi da na tsamiya da garin kanumfari, ta ɗiga turare. Bayan haka ko ganyen kabewa ne ba mai ganewa. Aka cika faranti bakwai, aka yi musu ado da ƙyalli, mata suka ɗauka da waƙa zuwa gidan amarya. Apa tana gaba tana share hawaye. Ta ce yau ce rana ta farko da ta ji ta sauka a ƙasar nan.

A wajenmu ana cewa gwargwadon jan lallen amarya, gwargwadon son da gidan miji ke yi mata. Wasa ne, amma irin wasan da mata ke dubawa da gaske. An ƙunsa wa Farhat hannu da ƙafa, sannan ƙawayenta da 'yan uwa, mata kusan arba'in. Da safe, ranar ɗaurin aure, aka wanke. Hannu tamanin, ba ɗaya da ya yi ja. Wasu ma sai ƙaiƙayi.

Ina shan shayi na ji keken doki ya tsaya a ƙofa. Malik Sarfaraz ya shigo ba sallama, da ƙannensa biyu a baya. Maƙwabta suka fara leƙowa ta saman katanga. Fida ne ya kawo su, ya biyo su har tsakar gida da bulalarsa a hannu.

"Munshi Sahib, me muka yi muku? Yarinya na can ta rufe kanta a ɗaki. Uwarta ta ce asiri ne. Ni na ce wulaƙanci ne. Wanne ne a ciki?"

"Malik Sahib, ku zauna..."

"Ban zo zama ba. Ciyawa kuka kwaɓa wa 'yar ƙanwata a gaban duk dangi. Idan haka ake yi a inda kuka fito, to a nan ba a yi. Kafin azahar in ji wanda ya yi wannan, ko liman ya sha zamansa a gida."

Shafkat yana tsaye a ƙofar ɗaki da sabuwar riga, fuskarsa ba jini. Diwaya yana can gefe yana ba wardi ruwa. Ya ajiye tulun.

"Wa ya tsinko ganyen?" in ji Malik.

Na ce, "Mai lambu ne ya tsinko."

Ba ƙarya ba ce. Na sha duba maganar nan ta kowane gefe a shekarun da suka biyo, ban sami ƙarya a cikinta ba.

Duk aka juya. Diwaya ya ɗan dube ni, kamar mai jiran a ƙarasa magana. Na duba cikin kofina.

"Kai ne Diwayan da ake faɗa?" Malik ya taka zuwa gabansa. "Wanda ya san kowane ganye? Lalle, lallen da kowace tsohuwa ta sani?"

Diwaya ya ɗaga hannu biyu ya warware rawaninsa. Ban taɓa ganin kansa ba sai ranar. Furfura ce ƙal, an aske ta ƙasa-ƙasa. Ya sunkuya ya ajiye rawanin a kan takalman Malik.

"Kuskure aka yi, Sa'in. Ba asiri, ba wulaƙanci. Yarinya ba ta da laifi, yaro ba shi da laifi. Idon tsoho ne."

A ƙasarmu idan dattijo ya ajiye rawani a ƙafarka, magana ta ƙare, ko kana so ko ba ka so. Malik ya ja da baya. Ya ce a nemo lallen kasuwa yanzu-yanzu, kuma kada ya ga wannan mutumin a wurin bikin. Aka sayo, aka sake ƙunshi na awa uku, ya yi ɗan ja-ja kamar ruwan lemo. Aka ɗaura aure bayan la'asar.

Da tsakar gida ta watse na ce wa Diwaya ya je ya huta kwana biyu. Ya ɗauki rawaninsa ya kakkaɓe, bai naɗa ba, ya riƙe a hannu ya fita. Kwana biyun suka wuce bai dawo ba. Ni ma ban aika ba. Kullum ina cewa gobe.

Labari kuwa kafin magariba Fida ya kai shi kowace unguwa. Ba mugu ba ne Fida, bakinsa ne ba ya rufuwa. Aka fara kiran tsohon Diwaya Mai Lalle. Mata suka sa shi a waƙar biki. Yana zuwa rumfar Gaman har yanzu, amma idan wani ya zo da reshe sai a ce, "Kai wa Chacha, zai ce maka lalle ne." Mai reshen ya yi dariya ya wuce wurin mai magani. Waɗanda yake yi wa aikin lambu suka fara samun dalilan sallamarsa. A ƙarshe ya koma wata gonar mangwaro a wajen gari yana haƙa hanyar ruwa, aikin da samari ke yi. Ni na daina bi ta gaban rumfar. Akwai wata hanya ta bayan masallaci, ta fi nisa kaɗan.

Farhat yarinya ce mai shiru. Ta karɓi gidan, ta karɓi lambun ma, tana ba shi ruwa da kanta. Da damina ta sauka, wata safiya ta kawo mini shayi, a gefen farantin akwai ɗan reshe. Ganyen na san shi. A ƙarshensa furanni ne ƙanana a jere suna reto, shuɗi mai sirkin ja, launin da lalle bai taɓa yi ba tun da aka halicce shi.

"Abba-ji, ta bakin rijiya ce," ta ce. "Na ce ko tana cikin littafinku."

Na ce zan duba.

Ta tsaya tana gyara bakin mayafinta. "Goggo Shakuran ta ce ta ga Chacha Diwaya yana nuna muku yatsa a baranda, kafin biki. Ta ce ba ta san me ya sa ba."

Ta ɗauki farantin ta tafi, ta bar reshen a kan tebur.

Na duba littafin daga bango zuwa bango. Ba ta ciki. Sai da na yi kwana tara kafin na sa takalmi na nufi rumfar Gaman ta hanyar gaba.

Ranar Juma'a ce, rumfar a cike. Diwaya yana ƙarshen benci, ya rame, laka ta bushe a ƙafarsa. Da ya gan ni ya miƙe tsaye. Gaman ya goge mini kujera da gefen rigarsa. Ban zauna ba. Na faɗa musu duka: cewa ya nuna mini bakin ganyen, ya ce ba lalle ba ne, ya ƙunsa a yatsansa ya nuna mini, ni na ce ya tsinko. Abin da na ce game da hannunsa ne kawai ban maimaita ba.

Sai Nazra wanzami ya girgiza kai.

"Wallahi akwai mutanen kirki a duniya. Kun gani? Mutum da girmansa ya zo ya ɗauki laifin baransa ya aza wa kansa."

"Ba haka ba ne," na ce.

"Ai ba za ku ce haka ne ba, Munshi Sahib. Shi ya sa kuke Munshi Sahib."

"Mai karatu da Turanci zai kasa gane lalle?" in ji Gaman. "Ku bari, Sa'in. Allah ya ba ku lada. Ga shayi, yau ba na karɓar komai."

"Ni fa ina wurin," Fida ya ce. "Da idona na ga rawani a ƙasa. Chacha, wa ya ce idon tsoho ne? Ni ko kai?"

"Ni ne," in ji Diwaya.

"To! Chacha, ka gode wa maigidanka mana. Ka tsaya kamar turken akuya."

Diwaya ya ɗora hannu a ƙirji ya ɗan rusuna. "Allah ya ƙara girma, Sa'in."

Na sake faɗa, da ƙarfi, har muryata ta fashe. Suka ƙara yabona. Wani baƙo da ke cin gurasa a gefe ya tambayi wane lalle ake magana, Fida ya gyara zama ya faro masa daga farko, har da muryar Malik da yadda aka warware rawani. Aka yi dariya kamar jiya abin ya faru.

Da na fito Diwaya ya biyo ni ya raka ni, yana taku ɗaya a bayana kamar yadda ya saba. Mun kusa kwanar masu tukwane kafin ya yi magana.

"Da kun bari, Sa'in. Sun fara mantawa."

Na ce ya dawo lambun. Ya ce ya yi wa mai gonar alkawari har a gama cire mangwaro, bayan haka sai abin da Allah ya yi. Ya tambayi lafiyar amarya. Ya ce a rage wa rumman ruwa, damina ta ishe shi. Sannan ya yi sallama ya juya.

Bai dawo ba. Ya yi shekara biyu a gonar, sai ƙirji ya kama shi, 'yarsa ta zo ta tafi da shi hayin kogi. Nakan aika da gaisuwa idan an sami mai zuwa. Sau ɗaya na yi niyyar ƙetarawa da kaina, ruwa ya yi yawa a shekarar.

Da ya rasu an kawo shi Shujabad, kusa da kabarin matarsa. Mutane ba su da yawa, sahu uku ne. Aka matsa mini na tsaya a na gaba. Muna daidaita ƙafa na ji wani a bayana, irin masu wucewa da ke shiga sallar gawa don lada, yana tambayar na kusa da shi.

"Wa ya rasu?"

"Allah Diwaya."

"Wane Diwaya?"

"Mai Lalle."

"Ayya. Allah ya jiƙansa."

Na ji su sarai. Na ɗan juya kaina, amma liman ya riga ya ɗaga hannu, kuma ba a magana a cikin sahu.